TAKEN ƘASA: GUZURIN DA BA A ƘWACE WA FURSUNA

Matanin lacca a kan dalilin da ya sa ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san taken ƙasarsa



Duk wanda ya taɓa halartar bikin ranar 3 ga watan Agusta ko na ranar 18 ga watan Disamba, a Yamai ne ko a Maradi, a Damagaram ne ko a Tawa, ya san abin da ke faruwa idan aka fara ɗaga tuta. Sojoji su ƙame, ƴan lakwal su ɗaga murya, manyan baƙi su miƙe. Amma idan mutum ya dubi bakin jama'a, sai ya tarar leɓuna na motsi a baitin farko, daga nan kuma shiru. Ɗan kasuwa na jira a ƙare ya koma ga lissafinsa, ma'aikaci kuwa da ya hardace taken yana yaro, rabi ya rage masa, rabin ma na tsohon taken ne da aka sauya. Idan aka tambayi ɗayansu, amsar ba ta da wuyar samu: take ba ya cika ciki, ba ya biyan albashi, ba ya rage kuɗin duwan. To, mene ne amfaninsa?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Sai dai ba a filin biki ake samun amsarta ba. Ana samunta ne a wurin da aka raba mutum da dukan abin da ya mallaka, watau a sansanin fursunonin yaƙi da gidan kaso na abokan gaba.

Kafin a je can, ya kamata a tsaya a kan kalmar kanta. Bahaushe ya san take tun kafin a kafa ƙasashen zamani. Sarki na da takensa, maharbi na da nasa, mahauci da maƙeri da ɗan kokowa kowa na da nasa. Ɗan kokowar da ya gaji a fili, idan makaɗi ya buga takensa, sai ka ga ya zabura kamar an zuba masa sabon jini. Taken ya tuna masa ko shi wane ne, ɗan wa ne, kuma su wa ke kallonsa. Wanda bai san takensa ba, ko an kaɗa shi bai san da shi ake ba. Da aka zo fassara abin da Faransawa ke rerawa gaban tuta, ba a ce waƙar ƙasa kurum ba, aka ce taken ƙasa, kuma waɗanda suka zaɓi kalmar sun san abin da suke yi.

Abin da ake karɓewa a ƙofar sansani

Idan soja ya faɗa hannun abokan gaba, abin da ake fara yi masa shi ne caje. A karɓe bindiga, a karɓe kuɗi, sau da yawa a haɗa da takardu da wasiƙun gida, sa'an nan a ba shi lamba a madadin suna. Yarjejeniyar Janiba ta uku, wadda aka sa wa hannu ran 12 ga watan Agusta 1949, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ce abu 4 kaɗai fursunan yaƙi zai faɗa idan an tambaye shi: sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Ta ce a bar masa katin shaidarsa da alamun ƙasarsa da ke jikin kakinsa, a kare shi daga zagi da wulakanci. Ta kuma tuna wa masu shari'a cewa fursuna ba ɗan ƙasar da ta kama shi ba ne, saboda haka babu wani alkawarin biyayya da ke tsakaninsu.

Wannan ita ce doka a rubuce. Amma tarihi ya nuna cewa mai gadi ba kullum yake karanta doka ba. Idan ya yage katin, ya cire alamar, abin da ya rage wa fursuna shi ne abin da ke cikin kansa kawai. Addu'arsa na nan, sunayen iyayensa na nan, kuma idan ya hardace shi, taken ƙasarsa na nan. Babu mai caje da ya taɓa samun ɗayan ukun nan a aljihu.

Mata 230 a ƙofar Birkeno

Ran 24 ga watan Janairu 1943, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa, aka loda mata 230 cikin taragon dabbobi a garin Kwampiyen. Yawancinsu an kama su ne saboda sun shiga gwagwarmayar ɓoye ta ƙin mamaya. Akwai malaman lakwal, akwai ma'aikatan masana'antu, akwai matan aure da ƴan mata. Bayan kwana 3 cikin sanyin hunturu, ran 27 ga wata, aka sauke su a ƙasar Polan da Jamus ta mamaye, aka kora su zuwa sansanin Birkeno, wani sashe na Awshwits. Da suka doshi ƙofa, suka ga waya da hasumiyar masu gadi, sai suka ɗauki taken ƙasarsu, La Marseillaise, suka shiga suna rerawa. Waɗanda suka tsira sun ba da wannan labari, cikinsu har da marubuciya Sharlot Delbo, wadda ta tattara tarihin matan ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ita ce taken bai buɗe musu ƙofa ba. An aske kansu, an zana musu lambobi a dantse, kuma cikin su 230, mata 49 kaɗai suka koma gida da rai. Wanda ya ce take na hana mutuwa ya yi ƙarya. Amma akwai abin lura guda biyu. Na farko, mutanen da aka shirya shigar da su kamar garke sun shiga a matsayin ƴan wata ƙasa, kuma masu gadi da sauran fursunoni sun ji haka da kunnensu. Na biyu, matan nan ba ƴan jam'iyya ɗaya ba ne. Da yawa ƴan kwaminis ne, wasu magoya bayan Janar De Gol ne, wasu ba su da jam'iyya ko kaɗan. Kowane ɓangare na da waƙoƙinsa, amma a bakin ƙofar nan waƙa ɗaya ce dukansu suka sani, ba tare da an tsaya shawara ko gwaji ba. Da a ce rabinsu sun tsaya a baitin farko, da abin bai yiwu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fursunonin da ba su da take

Labari na biyu ya fi kusa da gida. Cikin shekara ta 1940, Faransa ta jera dubban sojojin Afirka a gaban rundunar Hitila. Ana kiransu tirayer na Senegal, amma sunan rundunar ne kurum, wadda aka kafa tun 1857. Cikinsu akwai mutanen Sudan ta Faransa da ake kira Mali a yau, da na Gine, da na Dahome, da na Kodibuwa, da kuma ƴaƴan wannan ƙasa ta Nijar, waɗanda da yawansu ba da son ransu aka ɗauke su ba.

Da Faransa ta faɗi a watannin Mayu da Yuni 1940, sojojin Jamus suka riƙa ware baƙaƙe daga farare a cikin waɗanda suka kama. A garin Eren, ran 7 ga watan Yuni, kyaftin Sharl Ncorere, mutumin Gabon, ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi, ya ce shi ma hafsa ne, aka harbe shi nan take. A Shasale, kusa da birnin Liyon, ranakun 19 da 20 ga watan, aka karkashe tirayer bayan sun ajiye makamai. Maƙabartarsu na nan har yau, an gina ta da jan launi irin na ganuwar Afirka, tirayer 188 ke kwance a cikinta. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1500 da 3000 aka kashe ta wannan hanya cikin ƴan makonni.

Waɗanda suka rage, hukumomin Jamus ba su so a ajiye su a ƙasar Jamus ba saboda ƙyamar launin fata, sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta. Daga shekara ta 1943, a wurare da dama, hafsoshin Faransa ne aka sa suna gadinsu a madadin Jamusawa. Jama'a, a tsaya a auna wannan. Mutum ya yi yaƙi ƙarƙashin wata tuta, an kama shi saboda ita, ga shi kuma masu tutar ne ke riƙe da makullin kurkukunsa.

Wane take irin wannan fursuna zai rera? Taken da aka koya masa a bariki na ƙasar da ba ta ɗauke shi ɗan ƙasa ba ne, domin kafin dokar 1946 yawancin mutanen yankunan mulkin mallaka talakawan Faransa ne kurum, masu biyan haraji da yin aikin tilas. Kowa na da waƙoƙin garinsu, da Hausa ko Zabarmanci ko Bambara, amma babu waƙa ɗaya da ke ambaton wata ƙasa tasu wadda za ta tambayi inda suke. Sakamakon rashin wannan ƙasa ya bayyana a ƙarshen yaƙi. A watan Nuwamba 1944 aka maido kimanin tsofaffin fursunoni 1300 zuwa barikin Caroy, kusa da Dakar. Suka nemi a biya su bashin albashinsu na shekarun tsare kafin a sallame su. Ran 1 ga watan Disamba 1944, da safe, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, a 2014 shugaba Faransuwa Oland ya ce aƙalla 70, wasu masana kuma na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Cikin fursunonin 1940 akwai wani malami mai suna Lewofol Sedar Sengor. An tsare shi a sansanin Fwatiye da wasu wurare, aka sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Shekara 18 bayan haka, a 1960, shi ne shugaban Senegal na farko, kuma shi ya rubuta kalmomin taken ƙasarsa da hannunsa. Mutumin da ya san zaman fursuna ba tare da take ba bai ɗauki wannan aiki ƙarami ba.

Taken da aka haifa a gidan kaso

A maƙwabciya Aljeriya, taken ƙasar kansa ɗan kurkuku ne. Lokacin yaƙin neman ƴanci na 1954 zuwa 1962, mawaƙi Mufdi Zakariya ya tsara waƙar Ƙasaman, ma'ana mun rantse, kuma mutanen ƙasar na ba da labari cewa a gidan kaso na Barbarus da ke birnin Aljas ya rubuta ta a jikin bango, da yake ba shi da alƙalami ko takarda. A wannan gidan kaso ne aka fille kan Ahmad Zabana ran 19 ga watan Yuni 1956. Wani Bamisire, Muhammad Fauzi, ya sa wa waƙar kiɗa, ta zama taken Aljeriya bayan samun ƴanci. Haka ma taken Amurka: wani lauya, Faransis Skot Ki, ya rubuta shi a watan Satumba 1814, bayan ya kwana tsare a hannun rundunar ruwan Ingila yana kallon ana ruwan wuta a kan wata ganuwa ta birnin Baltimo.

Masu tsare mutane ma sun san ƙarfin abin. Jami'an kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun rubuta cewa, a yaƙin da ya ɓarke a 2022, an tilasta wa sojojin Yukren da aka kama su hardace taken Rasha su riƙa rerawa, wanda ya kuskure kuma ya sha duka. Da take kalmomin banza ne, da babu mai gadin da zai ɓata lokacinsa yana cusa nasa a bakin fursuna.

To, Nijar fa?

Nijar ta zama jamhuriya ran 18 ga watan Disamba 1958, ta sami ƴancin kai ran 3 ga watan Agusta 1960. A 1961 aka amince da La Nigérienne a matsayin taken ƙasa. Bafaranshe ne, Moris Alber Tiriye, ya rubuta kalmomin, wasu Faransawa biyu kuma suka tsara kiɗan. An daɗe ana sukar wani baiti nasa da ake ganin yana nuna godiya ga tsohon mai mulkin mallaka saboda ƴancin da aka samu. A watan Nuwamba 2019 gwamnati ta ba da sanarwar za a sauya shi, kuma ran 22 ga watan Yuni 2023 majalisar dokoki ta amince da sabon take, L'Honneur de la Patrie, watau Martabar Ƙasa.

Akwai hujjoji uku da masu ƙin kula da take ke kawowa, kuma kowace na bukatar amsa.

Ta farko, wasu na cewa take na gwamnati ne, wanda ba ya goyon bayan masu mulki ba ruwansa da shi. Tarihin ƙasar nan ya ƙaryata haka. Tsohon taken ya zauna shekara 62. An rera shi zamanin Diori Hamani, an rera shi zamanin Seyni Kunce da Ali Saibu, an rera shi a babban taron ƙasa na 1991 da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, ya kuma tsallake juyin mulki na 1974, da 1996, da 1999, da 2010. Sabon taken kuwa majalisar farar hula ce ta amince da shi, wata guda kafin juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, sojojin da suka karɓi mulki kuma suka ci gaba da shi. Shugabanni na wucewa, waƙoƙin yabonsu na wucewa tare da su. Mutane nawa ne a yau ke iya tuna waƙoƙin kamfen na zaɓen 1993? Idan aka tsare ƴan Nijar biyu a ɗaki ɗaya a wata ƙasa, ɗaya daga Bilma, ɗaya daga Gaya, waƙar jam'iyya raba su za ta yi, ta gari kuma ɗayan bai san ta ba.

Ta biyu ita ce wadda aka faɗa tun farko, cewa take ba ya cika ciki. Haka ne. Amma ma'aikacin da ke bin gwamnati bashi, da ɗan kasuwar da aka tsare masa mota a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba, da wane suna suke neman haƙƙinsu? Da sunan ƴan ƙasa. Fursunonin Caroy albashinsu suka nema, aka amsa musu da harsashi, domin babu wata ƙasa tasu da za a ji kunyarta. Take shaida ce ta alkawari tsakanin ƙasa da ɗanta, kuma alkawari ɓangare biyu gare shi. Wanda ya san kalmominsa na iya tsayawa gaban mai mulki ya tuna masa abin da shi ma ya rera gaban tuta. Sojan da ke tsaron iyaka a Difa ko Tilaberi, da direban da ke ratsa daji da kaya, idan ƙaddara ta sa suka faɗa hannun ƴan bindiga, suna da haƙƙin a neme su, iyalansu kuma suna da haƙƙin a kula da su. Jama'ar da ke rera take ɗaya da su ba ta da hujjar mantawa da su.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi: taken da Faransanci yake, alhali kuwa mafi yawan ƴan ƙasa ba sa jin Faransanci. A nan laifin ba na talaka ba ne. Ba daidai ba ne a zargi mai sayar da albasa a Galmi ko mai fataucin fata a Damagaram da rashin kishin ƙasa saboda bai hardace kalmomin da ba a taɓa fassara masa ba. Wasu ƙasashe sun warware wannan: taken Tanzaniya da Suwahili yake, na Afirka ta Kudu kuwa, tun 1997, harsuna 5 ya haɗa. Tun da a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, hujjar barin take a harshe ɗaya ta ƙara raunana. Haƙƙi ne a kan hukuma ta tabbatar da cewa Bahaushe da Bazabarme, Bafillace da Buzu, Babarbare da Tubu, Balarabe da Bagurme, kowa na iya rera shi da harshen da ya sha a nono, ya kuma san abin da yake faɗa.

Abin yi

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Kada take ya zama bulala. Kada a tsayar da matafiyi a shinge a ce ya rera kafin ya wuce, kada a mayar da shi ma'aunin tantance wane ne ɗan ƙasa na ainihi. Tilasta wa mutum waƙa aikin mai gadin fursuna ne, kamar yadda aka gani, kuma ƙasar da ta yi wa ƴaƴanta haka ta mayar da kanta sansani. Matan Birkeno ba wanda ya umurce su.

Aikin da ke gaban jama'a ba mai tsada ba ne. Ma'aikaci, wanda ƙasa ta kashe wa kuɗi ya yi karatu, ya nemi kalmomin sabon taken ya hardace su duka, ya zauna da iyalinsa ya bayyana musu ma'anar kowane baiti da harshen gida. Mushen lakwal kada ya tsaya ga hadda, ya koya wa yara ma'ana. Gidajen rediyo su riƙa karanta fassarar a shirye-shiryensu na harsunan ƙasa. Ƴan kasuwa kuwa, waɗanda suka fi kowa ƙetare iyaka zuwa Kano da Kwatano da Lome da Tamanraset, sun fi kowa sanin ranar da mutum ke bukatar a san daga ina ya fito. Ƙungiyoyinsu na iya buga taken da fassararsa a takarda guda a raba a tasha da kasuwa, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ƴan kaɗan ba.

Kakannin da aka tsare a sansanonin Faransa daga 1940 zuwa 1944 sun yi zaman kaso ba su da ƙasar da za su kira da suna. Jikokinsu suna da ita, tana da tuta, tana da take, kuma hardace shi bai fi aikin yamma ɗaya ba. Allah ya kiyashe kowa da faɗawa hannun abokin gaba, ya maido da waɗanda ke tsare gida lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.